Ma'aunin Nauyi da Tsawo: Darasi a Kan Rama da Abin da Take Nufi ga Lafiyar Iyali

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba mu jiki amana, Ya kuma hore mana hankalin da za mu kula da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:



Darasinmu na wannan fitowa ya shafi rama, watau ƙarancin nauyin jiki, da wata hanya mai sauƙi wadda ake bi a gane ko ramar mutum ta halitta ce ko kuwa ta kai matsayin haɗari. Mu mutanen ƙasar Dakoro ba baƙin wannan magana ba ne. Dattawanmu sun ga farin 1973 zuwa 1974, sun ga na 1984. Da yawanmu kuma mun ga shekarar 2005, wadda ta biyo bayan ƙarancin ruwa da ɓarnar fara na 2004, lokacin da hatsi ya yi tsadar da talaka ya kasa sayensa, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe gidan jinyar yara masu tamowa a nan Dakoro. A wannan shekara kaɗai, ƙungiyar ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi.

Tun daga lokacin mun koyi auna yara. Babu uwar da ba ta san igiyar nan mai launi uku da ake ɗaura wa yaro a damtse ba. To amma ita uwar da ta goyo yaron zuwa gidan likita, wa ya auna ta? Tsohon da ke zaune a ƙofar gida, wanda rigarsa ta fara yi masa yawa, wa ya tambayi nauyinsa? Manomin da yake tari tun kaka, wanda ake cewa wahalar gona ce ta cinye shi, wa ya ɗora shi bisa sikeli? Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Gaskiya ne. Sai dai idon da yake ganin mutum kullum safe da yamma shi ne na ƙarshen gane cewa mutumin yana ƙarewa, domin rama a hankali take shiga. Saboda haka muna bukatar mudun kansa.

Fasali na ɗaya: Mene ne wannan ma'auni?

Nauyi shi kaɗai ba ya faɗin lafiyar mutum. Kilo 50 ga gajeruwar mace daidai ne, amma ga dogon namiji rama ce mai tsanani. Dole ne a haɗa nauyi da tsawo kafin a yanke hukunci. Wannan haɗin shi ne muke kira ma'aunin nauyi da tsawo. Ma'aikatan lafiya na Nijar suna rubuta shi da haruffa uku, IMC, na Nijeriya kuwa suna rubuta BMI. Duk abu ɗaya ne.

Wanda ya fara gano wannan lissafi wani masanin lissafi ne na ƙasar Beljiyam mai suna Adolphe Quetelet, a shekarun 1830. Ya lura cewa a tsakanin manya, nauyi yana tafiya ne daidai da tsawo idan an ninka tsawon da kansa. A 1972 wani masanin abinci na Amurka, Ancel Keys, ya gwada hanyoyi dabam-dabam na kimanta jiki, ya ga wannan ta fi sauran dacewa da sauƙi, shi ne kuma ya laƙaba mata sunan da aka san ta da shi yau. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da iyakokin da ma'aikatan lafiya suke aiki da su.

Fasali na biyu: Yadda ake lissafin

Abu biyu ake bukata: nauyi da kilo, da tsawo da mita.

Nauyi, a auna shi a gidan likita, ko bisa kowane sikeli mai gaskiya, bayan an tuɓe takalmi da manyan tufafi. Tsawo kuwa, mutum ya tsaya ba takalmi ba hula, ya jingina da bango a kan daɓe mai daidai, diddige da baya da ƙeya suna taɓa bangon, a aza littafi ko ɗan katako bisa kansa, a yi alama, sa'an nan a auna daga ƙasa zuwa alamar da igiyar awo irin ta tela.

Lissafin mataki biyu ne. Na farko, a ninka tsawo da kansa. Na biyu, a raba nauyi da abin da aka samu. Kowace wayar salula tana da wurin lissafi da zai yi wannan.

Misali na farko: namiji mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 60. Idan an ninka 1.70 sau 1.70 za a sami 2.89. Idan an raba 60 da 2.89 za a sami 20.8.

Misali na biyu: mace mai tsawon mita 1.60 da nauyin kilo 44. Idan an ninka 1.60 sau 1.60 za a sami 2.56. Idan an raba 44 da 2.56 za a sami 17.2.

Misali na uku: namiji mai tsawon mita 1.75 da nauyin kilo 48. Ninkin tsawonsa 3.06 ne. Idan an raba 48 da shi za a sami 15.7.

Fasali na uku: Ma'anar abin da aka samu

Ga iyakokin da aka tsayar domin manya, maza da mata:

1. Ƙasa da 16: rama mai tsanani.
2. Daga 16 zuwa 16.9: rama matsakaiciya.
3. Daga 17 zuwa 18.4: rama mai sauƙi.
4. Daga 18.5 zuwa 24.9: nauyi daidai.
5. Daga 25 zuwa 29.9: nauyi ya wuce kima.
6. Daga 30 zuwa sama: ƙiba mai cutarwa.

Ashe ke nan mutumin misali na farko yana daidai. Matar misali na biyu tana cikin rama mai sauƙi, tana bukatar ƙarin abinci da kuma a bincika dalili. Mutumin misali na uku kuwa, kada a kwana biyu ba a kai shi gidan likita ba.

Lambar da ya kamata kowa ya riƙe ita ce 18.5, watau goma sha takwas da rabi. Domin sauƙaƙa wa wanda lissafi yake yi wa wuya, ga mafi ƙarancin nauyin da ya kamata mutum ya kasance da shi gwargwadon tsawonsa, tare da nauyin da ƙasa da shi ya zama rama mai tsanani:

- Mita 1.50: kada ya gaza kilo 41.6, ƙasa da kilo 36 haɗari ne.
- Mita 1.55: kada ya gaza kilo 44.4, ƙasa da kilo 38.4 haɗari ne.
- Mita 1.60: kada ya gaza kilo 47.4, ƙasa da kilo 41 haɗari ne.
- Mita 1.65: kada ya gaza kilo 50.4; ƙasa da kilo 43.6 haɗari ne.
- Mita 1.70: kada ya gaza kilo 53.5, ƙasa da kilo 46.2 haɗari ne.
- Mita 1.75: kada ya gaza kilo 56.7; ƙasa da kilo 49 haɗari ne.
- Mita 1.80: kada ya gaza kilo 59.9, ƙasa da kilo 51.8 haɗari ne.

Mai karatu ya lura da jeri na 5 da na 6 a sama. Ƙiba ba ita ce lafiya ba, ko da yake al'ada tana ganin ta alamar jin daɗi ce. Tana jawo hawan jini da ciwon sukari. Abin nema shi ne tsakiya.

Fasali na huɗu: Inda ma'aunin ba ya aiki

Kowane mudu yana da abin da aka yi shi dominsa. Wannan ma'auni ba ya aiki a wurare huɗu.

Na farko, yara. Iyakar 18.5 ta manya ce. Yaro mai wata 6 zuwa shekara 5, damtsensa ake aunawa: ƙasa da milimita 115 ja ne, tamowa mai tsanani, daga 115 zuwa ƙasa da 125 rawaya ne, tamowa matsakaiciya, daga 125 zuwa sama kore ne. A Mirya ta jihar Damagaram ne ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka gwada koya wa iyaye mata yin wannan awo da kansu a gida, aka ga suna yin sa daidai, dabarar ta bazu zuwa ƙasashe da yawa. Samari da 'yammata da ba su gama girma ba kuwa suna da nasu jadawalin a gidan likita.

Na biyu, mace mai ciki. Nauyin ciki yana ɓoye ramar uwa. Ita ma damtsenta ake aunawa, kuma a wurare da dama ana ɗaukar ƙasa da santimita 23 alamar tana bukatar taimako.

Na uku, mai kumburi. Ruwan da ya taru a jiki nauyi gare shi, sai sikeli ya nuna mutum yana daidai alhali ya ƙare. Idan aka danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa na ɗan lokaci, aka ɗaga, ramin ya tsaya bai koma ba, to wannan kumburi ne, kuma a wajen yaro alama ce ta tamowa mai tsanani ko da damtsensa ya nuna kore.

Na huɗu, bambancin halitta. Mutane masu dogayen ƙafafu da siririn jiki, irin waɗanda muke gani da yawa cikin 'yan'uwanmu makiyaya, lissafinsu yakan fito ƙasa kaɗan alhali lafiyarsu ƙalau. Saboda haka akwai tambayar da ta fi lambar muhimmanci: shin haka mutumin yake tun asali, yana ci yana aiki da ƙarfinsa, ko kuwa raguwa yake yi? Siririn da nauyinsa bai canja ba shekara da shekaru ba abin tsoro ba ne ƙwarai. Amma wanda ya rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinsa cikin wata 6 zuwa shekara ba da niyya ba, alal misali mai kilo 60 ya koma 57, lalle ne a bincike shi ko da lissafinsa bai faɗo ƙasa da 18.5 ba.

Fasali na biyar: Abin da rama take yi wa jiki

Jiki kamar gida ne mai rumbu. Idan abincin da ke shiga ya gaza abin da ake ƙonawa wajen aiki, sai jiki ya buɗe rumbunsa, ya fara da kitse. Idan kitse ya yi ƙasa, sai ya koma cin tsokarsa, kamar magidancin da hatsinsa ya ƙare ya shiga sayar da bisashe da kayan aiki. Zuciya ma tsoka ce, haka naman da ke motsa ƙirji wajen numfashi da tari.

Shi wannan Ancel Keys da muka ambata ya nuna haka a fili. A 1944 zuwa 1945, a jami'ar Minnesota ta Amurka, samari 36 lafiyayyu suka yarda aka rage musu abinci da kusan rabi har tsawon mako 24, domin a san yadda za a yi jinyar waɗanda yaƙin duniya na biyu ya jefa cikin yunwa. Suka rasa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Bugun zuciyarsu ya ragu, suka riƙa jin sanyi ko da rana, ƙarfinsu ya tafi, ƙafafun wasu suka kumbura. Halinsu ma ya canja: saurin fushi, baƙin ciki, ƙin shiga mutane, da rashin kuzarin yin kome. Bayan an mayar musu da abinci, sai da aka yi watanni masu yawa kafin su koma yadda suke.

A nan akwai abin lura gare mu. Sau da yawa mukan kira mace malalaciya, ko mu ce ɗan ƙodago ba ya da himma, ko almajiri ba ya riƙe karatu, alhali jikinsu ne ya rage wuta domin ya tsira. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Bayan rashin ƙarfi, rama tana raunana garkuwar jiki. Ramamme yakan kamu da cuta da wuri, cutar ta daɗe a jikinsa, rauni ya ƙi warkewa. Cutar kuma tana hana shi cin abinci, sai ramar ta ƙaru, wata cutar ta sami ƙofa. Haka abin yake zagayawa. Ga tsofaffi, rama tana rage ƙarfin ƙashi da na ƙafa, sai faɗuwa da karaya su yawaita. Ga mata, haila takan rikice ko ta ɗauke.

Fasali na shida: Sabubban rama

Sabubban sun kasu gida biyu: ko dai abinci bai isa ba, ko kuwa wata cuta ce take cin mutum daga ciki. Lambar ba ta bambanta su. Aikinta shi ne ta ce a tashi a bincika.

Game da ƙarancin abinci, kowa ya san yadda shekararmu take tafiya, daga Kornaka har kwarin Tarka. Da kaka rumbu cike yake. Daga watan Yuni zuwa Satumba kuwa hatsi ya yi ƙasa, farashi ya hau, kuma a daidai lokacin ne noma yake neman dukkan ƙarfin mutum, a daidai lokacin ne kuma zazzaɓin sauro da gudawa suke yawa. Makiyayi shi ma yana da nasa lokacin, ƙarshen rani da bazara, sa'ad da ciyawa ta ƙare, nono ya janye, bisashe suka faɗi a kasuwa. Mu ɗauki mace mai tsawon mita 1.60 wadda take da kilo 49 da kaka. Lissafinta 19.1 ne, tana daidai. Idan damina ta ci mata kilo 3 kacal, ta koma 46, lissafinta ya zama 18.0, ta faɗa cikin rama. Wanda yake bakin iyaka da kaka, shi ne zai faɗa rami da marka.

Game da cututtuka kuwa, ga waɗanda suka fi yawa:

Tarin fuka. Alamunsa tari fiye da mako biyu, zufa da dare, zazzaɓi da yamma, rashin son abinci, da rama. Ana gwada majina a gane shi, maganinsa na wata 6 ne, kuma kyauta ake ba da shi. Rama da tarin fuka abokan juna ne: shi yana ramar da mutum, ita kuma tana buɗe masa ƙofa. A 2023 an bayyana sakamakon wani babban bincike da aka yi a jihar Jharkhand ta Indiya, inda aka riƙa ba iyalan masu tarin fuka ƙarin shinkafa da wani irin wake kowane wata. Kamuwa da cutar a cikin waɗannan iyalai ta ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Ashe abinci ma rigakafi ne.

Ciwon sukari. Mutum yana ci amma yana ramewa, ga yawan ƙishirwa da yawan fitsari, musamman da dare. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa a fara gane shi.

Cutar sida, wadda ake kira ƙanjamau. A yau akwai maganin da yake danne ta, mutum ya mayar da jikinsa ya ci gaba da rayuwarsa. Kuma haramun ne mu riƙa nuna kowane ramamme da yatsa muna zarginsa, domin tsoron bakin mutane ya hana da yawa zuwa gwaji.

Sauran sun haɗa da tsutsar ciki, gudawa mai daɗewa, ciwon daji, damuwa da baƙin ciki mai tsawo, da shan ƙwayoyin ƙarin ƙarfi irin su tramadol, waɗanda suke kashe sha'awar abinci. Ga tsoho kuwa, wani lokaci sababin bai wuce zubewar haƙora ba: ana aza masa tuwo da nama, ba ya iya taunawa, kunya kuma ta hana shi faɗa.

Fasali na bakwai: Uwa

Ya ku magidanta, wannan fasali naku ne. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cewa kimanin mace 1 cikin 6, daga masu shekara 15 zuwa 49, lissafinta yana ƙasa da 18.5, kuma kusan rabin matan suna da ƙarancin jini.

A gidajenmu da yawa, ita ce mai daka, mai ɗebo ruwa, mai neman itace, mai taya noma, ga goyo a baya ko ciki a gaba. Ita ce mai raba tuwo, kuma ita ce ta ƙarshen ci. Idan abinci ya gaza, daga kwanonta ake fara ragewa, kuma ba za ta faɗa ba. Alhali mai ciki a watannin ƙarshe, da mai shayarwa, suna bukatar ƙari a kan abin da suka saba ci, kwatankwacin ƙarin ci ɗaya a yini.

Macen da ta ɗauki ciki tana ramamma ta fi shiga haɗarin haihuwar jariri mai ƙarancin nauyi, watau ƙasa da kilo 2.5, ko haihuwa kafin lokaci. Irin wannan jariri shi ya fi saurin kamuwa da cuta a watannin farko, shi ne kuma ya fi kusa da tamowa. Idan mace ce, ta tashi a tsumbure, ta ɗauki ciki tun jikinta bai gama girma ba, sai ita da abin da ke cikinta su riƙa rabon abinci ɗaya, ramar ta wuce zuwa jikoki. Ga kuma ƙarancin jini, wanda yake sa zubar jinin da wata za ta jure wajen haihuwa ya zama ajalin wata.

Maganin wannan ba ya nesa da mu. A ƙauyukan Gambiya, ƙasar da take da damina da lokacin yunwa irin namu, an yi wani gwaji da aka bayyana sakamakonsa a 1997. An riƙa ba mata masu ciki wani biskit da aka yi da gyaɗa da garin shinkafa da sukari da man gyaɗa, kullum, a rabin ƙarshe na cikin. Nauyin jariran da aka haifa a lokacin yunwa ya ƙaru da kimanin giram 200, haihuwar jarirai ba rai da mutuwarsu a makon farko kuma suka ragu. Babu abin da ke cikin wannan biskit da babu irinsa a kasuwar Dakoro. Haka ma abincin nan na cikin leda da ake ba yara masu tamowa, Plumpy'Nut, tushensa gyaɗa ne da madara da mai da sukari, tare da ƙarin sinadarai. Amma a sani, wannan magani ne na yaron da aka rubuta wa. Sayar da shi a kasuwa, ko raba shi ga 'yan gida, cin amana ne da zai iya kashe yaron.

Fasali na takwas: Abin da ya kamata a yi

1. Kowane babba ya san tsawonsa, ya kuma auna nauyinsa sau biyu a shekara, da kaka da kuma farkon damina, a rubuta a ajiye. Magidanci ya tabbata an auna matansa da iyayensa tsofaffi.

2. Wanda lissafinsa ya gaza 18.5, ko yake raguwa ba dalili, ya je gidan likita a nemi sababi. Wanda ya gaza 16, ko yake da kumburi, ko ya kasa cin abinci, a gaggauta kai shi. Kada a ɗura wa wanda ya daɗe cikin yunwa abinci mai nauyi gaba ɗaya, domin jikinsa ba zai iya ɗauka ba, yin haka yana iya kashe shi. A asibiti da madara ta musamman ake farawa, kaɗan-kaɗan.

3. Mai rama mai sauƙi ya ƙara yawan ci, sau huɗu ko biyar a yini. Fura mai ruwa-ruwa tana cika ciki amma ba ta gina jiki. A kaurara ta, a sa nono. A haɗa hatsi da wake, domin kowanensu yana cike giɓin ɗan'uwansa. A sa ƙuli-ƙuli ko gyaɗa ko riɗi a kunu da miya da kwaɗon zogale. Cokali ɗaya na mai ko man shanu a cikin abinci yana ƙara ƙarfi ba tare da ya cika ciki ba. Ƙwan zabi da damina, da fara, da cuku, da hanta idan ta samu, duk masu gina jiki ne. Ƙwai ba ya cutar da mai ciki ko yaro.

4. A jinkirta shan shayi bayan cin abinci da kamar awa ɗaya, domin shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Lemun tsami da ɗanyen tumatir kuwa suna taimaka masa.

5. Mai ciki ta riƙa zuwa awo, ta sha ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ta kullum, ta kwana cikin gidan sauro, a kuma rage mata aiki mai nauyi. Masana lafiya suna ba da shawarar a bar aƙalla shekara biyu bayan haihuwa kafin wani ciki, domin uwa ta mayar da jikinta, wannan kuwa ya yi daidai da shekara biyu na shayarwa da muka sani.

6. A guji ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa a kasuwa, waɗanda wasu suke kira sha ka fashe. Da yawansu, irin su dexamethasone, kumbura fuska da ciki suke yi, suna tara ruwa da kitse alhali suna cinye tsoka. Suna jawo hawan jini da ciwon sukari, suna raunana ƙashi, suna kuma karya garkuwar jiki har tarin fuka da ke kwance ya tashi.

7. Game da azumi, shari'a ta yi rangwame ga majinyaci, da mai ciki da mai shayarwa idan sun ji tsoron cutuwa ga kansu ko ga ɗansu, da tsohon da ba ya iyawa. Wanda likita ya tabbatar masa ramarsa ta kai haɗari, ya karɓi wannan sauƙi, ya tambayi malamai hukuncin biya da ciyarwa. Kada miji ko uwar miji su kunyata mace a kan abin da Allah Ya sauƙaƙa mata.

8. Masu hali su tuna cewa yunwa lokaci gare ta. Zakkar hatsi ana fitar da ita da kaka kamar yadda aka wajabta, amma sadakar ganin dama, tiya ɗaya a watan Agusta ta fi amfani ga mabukaci a kan tiya uku a watan Nuwamba. Jama'ar kowane masallaci sun san gidajen zawarawa da marayu da tsofaffin unguwarsu. A ajiye wani abu dominsu tun rumbu yana cike.

Kammalawa

Ya ku 'yan'uwa, a taƙaice: a raba nauyi da ninkin tsawo, ƙasa da 18.5 rama ce, ƙasa da 16 haɗari ne. Yaro da mai ciki damtse ake auna musu. Raguwar nauyi ba dalili kuwa sai an bincika, ko mene ne lissafin ya nuna. Ciyar da iyali wajibi ne a kan magidanci gwargwadon ikonsa, kuma ba a sauke wannan wajibi da auna hatsi a miƙa kawai, sai an duba an ga ya isa ga kowa, har da wadda ta dafa. Muna roƙon duk wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa iyalinsa, ya kwafe jadawalin fasali na uku ya ajiye, kuma kafin Juma'a mai zuwa ya san nauyi da tsawon mutanen gidansa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa albarka a cikin abin da muke ci, Ya kuma ba mu ikon riƙe amanar waɗanda ke ƙarƙashinmu. Amin.